Sawun Baba Foro

A Manaklar, ƙauyenmu da ke gindin manyan duwatsun Jamhuriyar Dominika, babu mai cewa ya taɓa ganin Binda ta shanye kofin gahawa a zaune. A tsaye take kurɓa, ta ɗora kofin bisa turke, ta je ta ja wa alfadari majayi, ta leƙa kofaton wani, ta dawo ta tarar gahawar ta huce, ta hau zaginta kamar ita ta yi laifi. Sunanta na baftisma Fredesbinda, amma uwarta kaɗai ke iya kai shi ƙarshe, ita ma sai ranta ya ɓaci. Tun da uwar ta rasu ba a ƙara jin sunan ba.

Alfadarai huɗu gare ta. Da su take ɗaukar kayan baƙin da ke zuwa hawan dutse, 'yan birni da Turawa, masu zuwa da sababbin takalma da cika baki, kafin a kai rabin hanya suna roƙon a ɗora su kan dabba. Kwana biyu a hau, kwana ɗaya a sauko, duk cikin gandun dajin gwamnati. Shekara ashirin da bakwai tana wannan aiki, ita kaɗai mace cikin maza sama da talatin. Mijinta ne ya fara sana'ar, wata rana ya ce zai je Amurka ya yi shekara biyu ya dawo da mota. Har yau muna jiran motar. Da farko mazan nan dariya suke mata, wai ta koma gida ta daka tafarnuwa. Ranar da alfadarin ɗayansu, Anibal, ya zame ya faɗa rami da kayan mutane, ita ta ɗaura igiya a ƙugu ta sauka ta fito da shi, Anibal kuwa yana tsaye a baki yana jera sunayen waliyyai. Daga ranar bakin kowa ya mutu.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubanta Telesforo, wanda muke kira Baba Foro, mafaraucin aladen daji ne, manomin wake kuma, mutumin da ko yini ɗaya bai iya yi a inuwa ba. Can sama aka haifi Binda, tafiyar awa huɗu ga mai ƙarfi, a wani wuri da ake kira Kwarin Aku. Gida biyar ne kacal, kowa da gonarsa da karnukansa. Tana shekara biyar gwamnati ta ce dutsen nan shi ne uwar kogunan da rabin ƙasa ke sha, saboda haka ba noma, ba farauta, ba kwana, kowa ya sauka. Maganar ruwa gaskiya ce, ba na musu. Amma masu injinan katako da suka aske duwatsun ƙwal sun daɗe da loda motocinsu sun yi gaba, sai talaka mai wake mudu uku aka tarar a wurin. Malaman daji suka zo da kakinsu kore suka ba da wa'adi. Da wa'adi ya cika suka cinna wa rufin gidajen wuta don kada wani ya koma. Abin da Binda ke iya tunawa kaɗan ne: hayaƙi, da haushin karnuka, da ita a ɗaure bisa katifa a bayan alfadari.

Daji kam ya dawo, wannan ko makaho ya sani. Itatuwan pino masu ganye kamar allura sun rufe inda aka sare, aku sun dawo da surutunsu, idanun ruwan da suka ƙafe sun sake ɓullowa. Binda da kanta tana alfahari da wurin, in ta ga baƙo ya yar da leda sai ya gwammace kiɗa da karatu. A dajin da aka kori ubanta take cin abinci, kuma ba ta taɓa zama ta warware wannan ƙulli ba. Yaushe ma ta zauna?

Baƙi sun fi son ta saboda labarin Siguwapa. Kowane ɗan dutse da labarin ya tashi. Wata mace ce, in ji tsofaffi, gashinta har idon sawu, shi ne suturarta, tana zaune cikin kogunan dutse, ƙafafunta kuma a juye suke, yatsu baya, dunduniya gaba. In ka bi sawunta kana tsammanin za ka cim mata, nisa kake ƙarawa. Wasu sun ce ragowar mutanen farko ne na tsibirin nan namu, waɗanda suka gudu sama lokacin da Sifaniyawa suka zo da sarƙoƙi. Idan an tsaya cin shinkafa da wake a rabin hanya, Binda takan ba da labarin a tsaye, da faranti a hannu. Takan ƙara da cewa malaman daji na da sun sha ganin sawun a taɓon da ke sama da ƙofar gandu, ƙanana kamar na yarinya. Daga nan sai ta goge baki ta ce a ɗaura kaya, rana ba ta jira.

Shekara uku ke nan da kan Baba Foro ya kwance. Ya haura tamanin. Wata rana ya kira Binda da sunan uwarta, wata rana da sunan wata 'yar'uwarsa da ta mutu tun kafin a haife mu, wata rana ya tambaye ta ko ita ce mai sayar da kaji. Ko wandonsa ba ya iya ɗaurewa. Amma ƙafafun nan ba su san tsufa ba, da an kau da ido ya kama hanya. Sau biyu ana tsinto shi a bayan coci, sau ɗaya a gonar wani yana yi wa ayaba faɗa. Binda ta rataya ƙararrawar alfadari a ƙofar ɗakinsa. In ta hau dutse sai ta bar shi hannun Gwaggo Lala, maƙwabciyarsu, tsohuwa mai bakin da ba ya rufuwa. A can sama ma hankalinta yana gida, sai ka ga tana korar alfadarai a gangara kamar an biyo ta.

To, ranar wata Talata ce cikin Janairu, tsakiyar sanyi. Gari ya waye, Binda ta dama masa garin masara da madara, ta tura ƙofar ɗaki. Ƙararrawa ba ta yi ƙara ba. Ta ɗaga kai, sai ga safa an cusa a cikinta. Gado wayam. Takalmansa na nan a jere ƙarƙashin gado, rigar sanyinsa na rataye a ƙusa. Addar da ke bayan ƙofar kicin ce babu.

Duk wanda ya san dutsen nan ya san abin da ake nufi da Janairu. Da rana ta faɗi raɓa takan daskare a kan ciyawa, ruwan da ka bari a kwano ka tarar da shi dutse. Tsoho mai riga ɗaya, ba takalmi, in magariba ta same shi a waje ba zai ga safiya ba.

Aka kaɗa ƙararrawar coci, maza suka fito, wasu da buroshi a baki. Aka duba bayan coci, aka duba gonaki, aka leƙa har shadda. Binda ta ruga ƙofar gandu wurin Nemesiyo, malamin dajin da ke gadi. Ɗan garinmu ne, tare suka yi firamare, ubansa ma wannan kakin ya sa har ya mutu.

"Nemesiyo, ka ga Baba?"

"Wallahi ko kare bai wuce ta nan ba, Binda."

"Barci dai kake yi, kamar yadda ka saba."

"Ni? Tun asuba idona biyu, tambayi kajina."

Anibal ne ya ƙwala kira daga sama kaɗan, inda idon ruwa ke jiƙa hanya ta yi taɓo. Sawu ne na ƙafa ba takalmi, raɗau, kuma ba mai shakkar mai shi, don ƙaramin yatsan ƙafar hagun Baba Foro alade ya cinye shi tun yana saurayi. Sawun yana kallon ƙasa, wajen gari. Ya ratsa taɓon tun daga sama har bakin mararrabar da ke gangarawa kogi, daga nan sai duwatsu, ba a ganin komai.

"Ga shi nan ƙarara," in ji Anibal. "Ta cikin gonar gahawa ya kewaye ya hau, kansa ya juya, ya sauko. Kogi ya nufa, jama'a. Allah ya sa ba mu makara ba."

Kowa ya ga abin da ya gani, Binda ma ta gani. Aka sari gorori aka bazama bakin kogi. Ruwan yana da ƙarfi, sanyinsa har cikin ƙashi. Maza suna tsokana gora cikin kowane gurbi, ita kuwa tana gaba, tana tsallake duwatsu, tana kiran Baba har muryarta ta dushe. In ta hango tsumma a jikin saiwa sai ta ruga, ta isa ta ga buhu ne, ta yi tsaki ta ƙara gaba. Ta je gadar ƙasa ta dawo, ta sake komawa. Haka safiya ta tafi a banza.

Rana ta take tsaka Gwaggo Lala ta gangaro da tulun gahawa da dafaffiyar agade a kwando, tana tafe tana sharɓar hawaye. Ta miƙa wa Binda kofi, Binda ta ture.

"Sha mana, 'yar nan, kada ke ma ki faɗi mu rasa wanda za mu nema. Ni dai na faɗa, ba mai ji. Siguwapa ce ta kira shi. Foro tun yana yaro ba ya iya ganin mace mai gashi ya kau da kai, ni shaida ce."

"Haba Gwaggo!" in ji wani. "Ana ga wata kina ga wata."

"To ƙarya na yi? Ku bi sawu ku bi sawu, ai ga shi kun bi. Me kuka samo, in ba buhu ba?"

Binda ta tsaya cak. Ta dubi tsohuwar, ta dubi dutsen da gajimare ya fara rufe wa kai. Ta juya ta kama hawa da gudu, mace mai shekara kusan hamsin, har kallabinta ya faɗi ba ta waiwaya ba.

A bakin taɓon ta zube bisa gwiwa. Nemesiyo ya biyo ta yana haki. Takun gajeru ne, rabin na kullum, ƙafafun a warwatse kamar na mai tsoron faɗuwa. A bayan kowace dunduniya an ja laka ta yi sama, wajen dutse. Ta sa yatsa ta shafa wurin, sai ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo ni Binda! Jaka ce ni, Nemesiyo, jaka mai dogon kunne. Ba saukowa ya yi ba. Hawa ya yi."

"Ke kuwa, ga yatsu suna kallon gari."

"Da baya da baya ya taka. Ni ya koya wa, a nan wurin, a wannan taɓon."

Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba ke nan. Bayan an sauko da su, Baba Foro bai daina komawa Kwarin Aku ba. Yana da 'yar gona a ɓoye bayan wani dutse, ba don waken nan ba da yunwa ta kashe su a shekarun farko. Tun tana shekara takwas yake tafiya da ita ɗaukar buhu. Su kewaye ƙofar gandu ta cikin gahawa, in sun zo inda hanya ke da laka sai ya tuɓe takalmi, ya juya ya fuskanci gari, ya ce, "Juya, uwata. In sun gani su ce wani ya fita, ba wanda ya shiga." Shi yakan bi gefe inda ciyawa ke ɓoye rabin sawu, ita kuwa yarinya ce, tsakiyar laka take bi tana dariya.

Nemesiyo ya sunkuya ya ƙara duban taɓon.

"Tsaya, tsaya. Ƙananan sawun nan da ubana ya gani? Mutumin da ya kafa gicciye a nan, ya mutu yana rantsuwa ya ga sawun 'yar Siguwapa, ya bi shi har gari bai sami kowa ba?"

"Allah ya ji ƙansa. Ni ce."

"Kai! Binda, ba ki da tsoron Allah. Shekara arba'in!"

"Ka yi mini faɗan gobe. Mutumin da ba ya gane cokali, ina zan yi zaton zai tuna wannan? Kansa ne ya manta, ƙafarsa ba ta manta ba. Je ka kirawo su Anibal, ku biyo ni da barguna da abin ɗaukar mutum. Kwarin Aku."

Ta koma gida ta ɗaura wa Kanela sirdi, alfadarar da ta fi saura sauri da mugun hali. Tana zuwa ƙofar gandu aka fara yayyafi mai sanyi, ita kuwa daga ita sai 'yar rigar da ta fito da ita da safe. Nemesiyo, da ya riga ya kai saƙo ya dawo, ya tuɓe babbar rigarsa ta aiki, koriya mai tambari a kafaɗa, ya haɗa da hula ya cilla mata. Ta zura ba tare da ta tsaya ba.

Hanyar baƙi ta bi tsawon awa guda, sannan ta saki ta kama tsohuwar hanyar kwari, wadda daji ya daɗe da haɗiyewa. In ba wanda ya sani ba, ba mai cewa an taɓa bi ta nan. Amma ga rassa an sare su ɗanye shar, sara ɗaya, a karkace, daidai ƙugu, irin saran ubanta. Ta sunkuyar da kai tana ratsa sarƙaƙiya, ruwan ganye yana zuba mata a wuya. Duk inda laka take, ga sawu yana kallon ƙasa. A na farko ta yi dariya ita kaɗai. A na uku ta ga jini a kan dutse, dariyar ta ɗauke.

Sama kaɗan aka shiga pino. Iska ta sauya, ta zama mai yanka kunne, gajimare yana ratsa itatuwa yana rufe hanya yana buɗewa. Wani garken aku ya tashi da kururuwa ya bi ta kanta. Da baƙi ne da ta tsaya ta nuna musu, yau ko ɗaga kai ba ta yi ba. Idonta na kan rana, wadda ke leƙowa jefi-jefi, kullum ƙasa da inda ta bar ta. A wani wuri ƙasa ta zaftare ta cinye hanya, Kanela ta kafe ƙafafu ta ce ba da ita ba. Binda ta dira, ta ja ragama, ta yi lallashi, ta yi zagi har kakannin alfadarar, a ƙarshe ta rufe mata ido da hula ta ja ta suka tsallake. Tana yi tana magana da Allah kamar mai ciniki a kasuwa. Tsoro take ji, tsoron da ba ta taɓa ji ba ko ranar da ta sauka rami da igiya.

La'asar sakaliya ta ɓulla Kwarin Aku. Ba gida ko ɗaya, pino ya tsiro inda ɗakuna suke, ciyawa har gwiwa. Abin da ya rage shi ne wani tsohon itacen lemo da duwatsun murhu uku da gansakuka ta rufe. A gindin lemon ta hango shi. Yana durƙushe, yana soka bakin adda a ƙasa, ya zaro wake daga aljihu ya jefa, ya rufe da tafin hannu, ya matsa gaba. Ya yi layi biyu, miƙaƙƙu sambal.

"Baba!"

Ya ɗago. Leɓɓansa sun yi shuɗi, jikinsa yana kaɗawa, ƙafafunsa duk jini da laka. Ya dubi rigar, ya dubi hular. Sai ya miƙe da sauri, ya ɓoye addar a baya, ya kai hannu kansa zai cire hular da babu ita.

"Ranka ya daɗe. Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

"Baba, ni ce. Binda ce. Dube ni da kyau."

"Na sani, ranka ya daɗe, na san wa'adi ya cika. Ba gardama nake ba. Kwana uku kawai nake roƙo. Yarinyata ce ba lafiya, zazzaɓi, tana nan kwance a ɗaki." Ya nuna wajen duwatsun murhu. "Shekararta biyar. Binda sunanta. In aka fito da ita cikin sanyin nan ba za ta kai ƙasa ba. Ku ƙona rumbun, ku ɗauki karnukan, amma ku bar mata rufi kwana uku."

Ba wanda ya taɓa gaya mata ba ta da lafiya a ranar, ko cewa ubanta ya roƙi wani. A saninta Baba Foro bai taɓa roƙon ɗan'adam ko gishiri ba. Zuciyarta ta karye. Ta fizge hular, ta tuɓe rigar, ta je ta lulluɓa masa, ta rungume shi tana kuka. Jikinsa sanyi ƙalau kamar tulun ruwa.

Ya ture ta a hankali, rigar ta zame ƙasa. Ya dube ta kallon baƙuwa. Tsoron ya bar fuskarsa, ya koma ya durƙusa ya ɗauki addarsa.

"Baiwar Allah, lafiya? Ɓatan hanya kika yi? Bi nan ki gangara, kada dare ya yi miki."

"Baba, taso mu tafi gida. Na dama maka masara."

"Ai ina gida. Nan zan kwana."

Ta roƙe shi. Ta ce uwarta na kiransa, ya ce ta zo da kanta. Ta ce aladu sun shiga gonar ƙasa, ya ce ba shi da gona a ƙasa. Ta kama shi za ta ɗaga, ya rungume itacen lemon da hannu biyu, da wani ƙarfi da ba ta san yana da sauransa ba, ta ga in ta ja ƙashi ne zai karye. Ta nemi kunna wuta, ashanar aljihunta ta jiƙe ta zama kunu. Ta zagaya lemon, ta je bakin kwari ta yi fito ko su Nemesiyo na kusa, ba amsa, ta dawo. Inuwar dutse ta riga ta rufe rabin kwarin, tana tahowa. Tsohon ya daina rawar jiki, kuma ta san wannan ba alamar sauƙi ba ce. Hannunsa ya fara kuskure ramin, waken yana zuba a gefe.

Ta tsaya ta dubi rigar da ke yashe a ciyawa. Ta daɗe tana kallon ta, daɗewar da ba halinta ba. Sannan ta ɗauka ta sa, ta ɓalla maɓallai har wuya, ta tura gashinta cikin hula ta ja ta har gira. Ta goge fuska da hannun riga. Ta zagayo ta gabansa, ta buɗe ƙafafu, ta kumbura murya.

"Telesforo!"

Adda ta faɗi daga hannunsa.

"Tashi tsaye! Umarnin gwamnati ne. Ba kwana uku, ba kwana ɗaya. Yanzu za ka bar wurin nan. Hau alfadarar can."

"Ranka ya daɗe, don Allah..."

"Na ce hau!"

Ya tashi. Bai ƙara musu ba. Ya tako da ƙafafun nan masu jini, kansa a sunkuye, hawaye na bin gemunsa, ya tsaya gefen Kanela yana jira kamar yaron da aka daka. Ta cicciɓe shi ta ɗora, bai fi buhun wake nauyi ba. Ta zare bargon ƙarƙashin sirdi mai ɗumin jikin dabba ta naɗe shi, ta ɗaure shi da igiya a ƙugu kada ya zame, ta yage ƙasan rigarta ta ciki ta naɗe masa ƙafafu. Duk tana yi ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Yarinyar fa, ranka ya daɗe? Bari in ɗauko ta."

"An riga an sauka da ita."

"Kun lulluɓe ta?"

"An lulluɓe ta."

"Ta sha ruwa? Ba ta faɗa in tana jin ƙishi, sai an tambaye ta."

Binda ta gyaɗa kai kawai, ta ja ragama.

Ya waiwaya yana kallon lemon har itatuwa suka rufe shi. Suka tsallake inda ƙasa ta zaftare, suka bar pino a baya, iska ta fara sassauci. Ɗumin alfadarar ya shige shi, rawar jikin ta dawo, ta gode wa Allah a ranta. Can ƙasa ta ji fito sau biyu, irin na Nemesiyo, da muryoyin maza suna tahowa. Ta amsa da nata fiton.

Sai ta ji hannu a kafaɗarta, daidai kan tambarin. Tsohon ya sunkuyo daga kan sirdi, ya yi ƙasa da murya kamar mai gudun kada wani ya ji.

"Samari, na ga kana da kirki, ka ɗaure mini ƙafa. Amma wannan aikin naka ba shi da kyau. Kana da uba?"

"Ina da shi."

"Yana raye?"

"Yana raye."

"To in ka koma gida, kada ka gaya masa abin da ka yi yau."

Binda ta ce to, ta gyara masa bargo, suka ci gaba da gangarawa.